Sai Na Ga Wurin Aikin Mutum Kafin In Ce Ya Warke

Gashin ƙashi ne sana'ata, a Kano, kuma yawancin waɗanda ake turo mini ma'aikatan masana'antu ne daga Sharaɗa da Chalawa da Bompai: masu lodin buhuna, masu tsayuwa gaban inji, masu aikin sito. Raunukan ba su cika canzawa ba. Ciwon baya ne a gaba, sai karayar wuyan hannu, targaɗen idon sawu, da yankan inji a yatsu.

Takardar sallama daga asibiti ba ta nufin mutum zai iya aikinsa. Likitan ƙashi ya duba hoto ya ga ƙashi ya haɗe, ya cire ɗaurin siminti bayan kamar mako 6, shi kam ya gama nasa. Amma hannun da aka kwance ya rame, gaɓa ta sandare, ko murfin gora ba zai iya murɗewa ba, balle ya riƙe sifana daga safe zuwa yamma. Daga nan nawa aikin yake farawa, kuma ba na auna warkewa da abin da mutum ya yi a gadon gwajina. Da aikinsa nake aunawa.

Akwai wani matashi da wuƙar injin roba ta yanke masa jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu biyu na hannun dama. An yi tiyata an ɗinke. Irin wannan jijiya kamar wayar birkin keke take a cikin bututunta, sai tana zamewa take amfani. In aka bar yatsun ba motsi, ta manne da naman da ke kewaye, yatsa ya ƙage. In kuma aka ja ta da ƙarfi kafin lokaci, ɗinkin ya tsinke, a koma ɗakin tiyata. Tsakanin waɗannan biyun ake bi, kuma sai an yi kusan mako 12 kafin a bar hannun ya yi aikin ƙarfi. Na yi masa tallafin roba a bayan hannu, na koya masa lanƙwasa yatsun da ɗaya hannun, a hankali, sau da yawa a yini. Yana yi, amma hankalinsa ba ya wurin.

"Likita, yaushe zan koma? Oga ya ce in na daɗe za a sa wani a injina."

Abin da ke hana shi barci ke nan, ba raɗaɗin yanka ba. Mai iyali da ke tsoron rasa abincinsa zai kwance tallafin nan da dare ya gwada damƙar wani abu don ya ga ko ya samu sauƙi. Shi ya sa na je masana'antar da kaina, gani ya kori ji. Na tarar aikin nasa duk damƙa ce da fizga, ba abin da zai taɓa ba ne kafin wata uku. Shugaban sashen ya tare ni da cewa, "Malam, mu nan ba mu da aikin marasa lafiya." Na ce ranka ya daɗe, wa ke ƙirga katon-katon da ake fitarwa? Wa ke duba kayan da suka fito da tabo? Ashe mutum suke cirewa daga inji kullum ya yi wannan. Aka ba yaron ƙirga da dubawa, hannu na cikin tallafi, rabin yini da farko. Daga baya ya koma injinsa, sa'o'i kaɗan ana ƙarawa. Ɗaya yatsan bai dawo yadda yake ba, ƙarshensa ba ya lanƙwashewa sosai, amma damƙarsa ta ishe shi aiki.

Masu ciwon baya daban ne. Lebura zai shigo a dafe da ƙugu, abin da yake so a kunna masa fitila mai zafi a murza shi, ya je ya kwanta. Zafi da tausa suna sanyaya ciwo, ba na hana kowa, sai dai doguwar kwanciya ƙara sandarar da baya take yi, kuma yawancin irin wannan ciwo yana lafawa cikin 'yan makonni in mutum yana motsi. Na ajiye buhunan yashi a ɗakin motsa jiki, kilo 10, kilo 25, kilo 50, da wani benci mai tsayin bayan mota. Wanda aikinsa ɗaga buhun kilo 50 ne ba zan sallame shi don ya iya taɓa yatsun ƙafarsa ba. Sai ya ɗaga ƙaramin, ya matso da shi jikinsa, ya juya da ƙafafu ba da ƙugu ba, ya maimaita har tsoron ya fita. Tsoron nan ya fi ciwon wuyar magani. Wanda kuwa ya ce ƙafa na mutuwa, ko fitsari na ƙwace masa, ko tsakanin cinyoyinsa ya daina ji, ba na taɓa shi, asibiti kai tsaye a ranar.

Da yawa sai sun biya ta wurin mai ɗori kafin su iso gare ni. Ba na zagin kowa, amma ba na motsa gaɓar da ban ga hotonta ba. In na ga alamar ƙashi ya haɗe a karkace, Asibitin Ƙashi na Dala nake turawa.

Kuɗin mota ma magani ne. Mai karɓar ladan yini ba zai iya zuwa wurina kullum ba, don haka na rage zuwa, na ƙara aikin gida. Nakan ɗauki bidiyonsa da wayarsa yana motsa jikin daidai, ya riƙa kallo yana bi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne takarda. Tun 2010 akwai dokar biyan diyyar ma'aikata a Najeriya, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke aiwatarwa: mai kamfani yana zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a wani asusu, asusun kuma ya ɗauki nauyin magani da farfaɗo da wanda ya ji rauni a bakin aiki. Dokar ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da mai kamfani, shi kuma mai kamfanin ya kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7. Amma sai ka ga an ba mutum kuɗin allura a hannu, an ce Allah ya kiyaye gaba, ba a rubuta komai ba. Bayan wata biyu, hannu ya ƙage, babu shaidar cewa a wurin aiki abin ya faru. Yanzu tambayata ta farko ga duk sabon zuwa, tun kafin in ce ina ke ciwo, ita ce ko an rubuta hatsarin. In ba a rubuta ba, a zaunen nan muke rubuta wasiƙar sanarwa da kwanan wata, ya kai ofis, ya riƙe kwafi.