Zaman Valencia: ni da yara da yaren mutane

'Yan uwa suna yawan tambaya ta a WhatsApp wai ya zaman Sifaniya, kin iya yarensu kuwa? Toh ina ji dai, bakin ne bai gama buɗewa ba. Mu a Valencia muke, aiki ne ya kawo Abban yara muka biyo shi daga baya ni da yara uku, kuma abun da ba wanda ya faɗa min kafin mu taso shine Turancin nan da muke taƙama da shi a gida ba ya min aikin komai a unguwarmu. A tsakiyar gari wajen 'yan yawon buɗe ido za ki samu mai ji, amma ofishin rajistar mazauna gari, takardar da suke ce wa padrón wadda duk inda kika je ita ake fara tambaya, da asibitin unguwa da makarantar yara, duk Sifaniyanci ne zalla. Ga kuma wani yaren na biyu, valenciano, nasu na 'yan jihar, shi ma ana koya wa yara a makaranta, wani lokacin takarda ta zo daga makaranta in zauna ina ta fama da ƙamus ashe ma ba da Sifaniyancin aka rubuta ba.

Yara kam ba su sha wahala ba. Nan daga shekara 3 ake ɗaukar yaro a makarantar gwamnati kyauta, auta ya shiga yana kuka, kafin a yi hutun ƙarshen shekara har faɗa yake da yayyensa da yaren. Ita kuwa babbar, 'yar farin, ta zama tafintar gidan, ita ke ɗaga waya in an kira daga makaranta, ita ke magana da mai gyaran famfo. Da farko abun har burge ni yake.

Ranar da ya daina burge ni ranar da na je ganin likita ce kan matsala irin tamu ta mata. Abbansu yana wajen aiki, dole na tafi da ita. Ku duba fa, yarinyar da ko sunanta ba na faɗa saboda kunyar ɗan fari, ita ce zaune tsakanina da likita, likitar tana tambayar yaushe na ga al'ada ta ƙarshe, ina ne ke min ciwo, yarinya tana juya min da Hausa kanta a ƙasa, ni ma kaina a ƙasa. Rabin abun da ya kai ni ban faɗa ba, na karɓi takardar magani muka fito, har muka hau bas ba wadda ta ce wa wata uffan. Su a wajensu ba komai ba ne, nan yaro ma da sunanta yake kiran malamarsa ba wani anti ba malama, amma ni abun ya tsaya min a rai. A daren na ce wa Abbansu ni fa makaranta zan shiga, ya san yadda zai yi da ɗauko yara.

Akwai makarantar harsuna ta gwamnati, Escuela Oficial de Idiomas, kuɗinta ba yawa, can na samu gurbi. Ajinmu akwai 'yan Maroko, 'yan Yukren, 'yan Pakistan da wasu 'yan Chana biyu. Kuma wallahi Bahaushe yana da sa'a a yaren nan, yadda aka rubuta haka ake karantawa kamar dai bokonmu, wasulansu biyar ne irin namu, ga r ɗin nan mai kaɗa harshe da 'yan Chana suke ta wahala a kai ni ko a jikina. Namiji da mace a suna ma mun saba da shi, yawancin kalmar da ta ƙare da a mace ce, mu ma haka ne. Inda ake yin ta shine aikatau, kalma ɗaya sai ta canza kama sau shida gwargwadon mai yin aikin, a zo lokacin da ya wuce ta sake wasu shidan, kuma kala biyu ko uku ne wucewar. Sai sauri. Malama a aji tana bi a hankali kina jin ke ma kin iya, ki fita ki tsaya gaban mai kanti ya sako miki magana kamar ruwan sama a kan kwano.

Wadda ta fi taimaka min ma wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu, bene ɗaya muke, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci kuma ba ta gajiya da surutu. Ita ta fara kai ni shan horchata, aka kawo kofi na kurɓa na ce ikon Allah, kunun aya! A nan gefen gari a Alboraya suke noma ayar, suna ji da ita sosai, har da wani dogon burodi mai zaƙi da ake tsomawa, fartón. Na haɗa 'yan kalmomina na ce mata mu ma muna yi, har dabino da kwakwa muke sawa, kuma ana kawo aya ƙasar nan daga Nijar da maƙwabtanta. Ta ƙi yarda sam sai da na yi mata namu na kai mata. Ta ce ya yi daɗi amma ba horchata ba ne. Na bar ta a haka, tsohuwa ce.

Sauran abubuwan an saba a hankali. Abincin rana sai ƙarfe 2 ko 3, na dare 9 zuwa 10, da bazara magariba tana wuce 9 da rabi yara na hamma ana jiran isha'i. Nama wajen mahautan Maroko muke saya, a makaranta kuma mun cike takarda kar a ba su naman alade. Watan Maris lokacin bikin Fallas kullum ƙarfe 2 na rana sai an yi ta fasa abun ƙara a dandalin gari har zuwa 19 ga wata, shekarar farko na ɗauka wani abun ne ya faru na rarumo yara.

Yanzu ina shirin jarrabawar iya Sifaniyanci, DELE A2, ta Instituto Cervantes, cibiyar gwamnati mai kula da yaren. Baƙo irinmu da ba daga ƙasar masu Sifaniyanci ya fito ba, in yana son takardar zama ɗan ƙasa sai ya ci ta, da wata ta sanin ƙasa mai tambaya 25 a ci 15, mu 'yan Najeriya kuma sai an yi shekara 10 ana zaune bisa ƙa'ida, da sauranmu sosai, ni dai so nake in riƙe takardar DELE ɗin a hannuna.

Rigimar da muke ciki a gidan yanzu ta daban ce. Abbansu ya ce a riƙa yin Sifaniyanci a gida don bakina ya faɗa, ni kuma na ce a'a, don ranar Juma'a da muka kira Hajiya a bidiyo ta ce wa auta ina wuni maigidana, yaro ya tsaya yana kallona in fassara masa. Hajiya ta yi dariya amma na san ba ta ji daɗi ba. Mun tsaya a kan in ana aikin gida na makaranta su gyara min nawa, har dariya suke min in na kwafsa, da an ajiye littafi an zuba tuwo kuma Hausa ce dole, wanda ya saki baki da yaren mutane shi zai wanke kwanuka. Satin nan Abbansu ne ke ta wankewa.