Neman gonar kakanni a tsofaffin taswirorin filayen Amurka da Kanada

Wanda yake bin tarihin zuri'ar da ta yi noma a Kansas, Nebraska, Dakota, Manitoba ko Saskatchewan, kada ya fara da sunan gari. Ya fara da lambar fili. Sunan garin da ke jikin tsohuwar wasiƙa galibi sunan gidan waya ne, kuma gonar tana iya kasancewa mil goma daga wurin. Garuruwa da dama ma sun tashi sun koma bakin layin dogo da jirgin ƙasa ya iso, wasu sun mutu gaba ɗaya. Lambar fili kuwa tana nan yadda 'yan safiyo suka bar ta.

An yanka ƙasar ne murabba'i-murabba'i. Babban murabba'in, wanda ake kira tawunship, mil 6 ne kowane gefe. A cikinsa akwai sashe 36, kowanne eka 640, rubu'in sashe kuma eka 160. Wannan rubu'in shi ne abin da dokar Amurka ta 1862 ta ba mai zama ya noma na shekara biyar, dokar Kanada ta 1872 kuma ta bayar a kan dala 10 da zaman shekara uku. Idan ka ga SW-14-23-7-W2 a takardar Kanada, ana nufin rubu'in kudu maso yamma na sashe na 14, tawunship na 23 idan an ƙirga daga iyakar Amurka zuwa arewa, jeri na 7 yamma da meridiyan na biyu, wato layin arewa zuwa kudu da 'yan safiyo suke fara ƙirga daga gare shi.

Nan ne aka fi yin kuskure. A Amurka sashe na 1 yana kusurwar arewa maso gabas, ƙirgar ta nufi yamma har 6, ta sauko ta juyo gabas, haka har 36 a kudu maso gabas. A Kanada daga kudu maso gabas ake farawa, a ƙare a arewa maso gabas. Wanda ya karanta taswirar Saskatchewan da ƙirgar Nebraska zai ajiye gonar sashe na 1 mil biyar daga inda take. Haka kuma barin meridiyan: lambobi iri ɗaya suna maimaituwa a ƙarƙashin kowanne. Kansas da Nebraska suna bin na shida, Dakota ta Arewa na biyar. A kwafi lambar duka, kada a yanke wutsiyarta.

Ina ake samun lambar? A Amurka, hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya (BLM) ta sa takardun mallakar farko a intanet, ana nema da suna da jiha. A Kanada, ma'adanar tarihi ta ƙasa tana da jerin filayen yamma da aka bayar daga 1870 zuwa 1930, kuma ƙidayar jama'ar lardunan yamma ta 1906 da ta 1916 ta rubuta sashe da tawunship na gidajen karkara.

Da lamba a hannu sai a buɗe taswirar masu filaye. A Amurka kamfanin George A. Ogle na Chicago ya buga kundin taswirorin gundumomi masu yawa daga shekarun 1890 zuwa na 1920, shafi guda ga kowane tawunship, da sunan mai fili da yawan ekarsa, da ɗan ɗigo inda gida yake. A Kanada taswirorin Cummins ne suka yi wannan aiki, na Saskatchewan tsakanin 1917 da 1930. Taswirorin Amurka na shekarun 1890 suna da daraja ta musamman, domin yawancin takardun ƙidayar Amurka ta 1890 sun salwanta bayan gobarar 1921.

Sai dai taswirar mai fili take nunawa, ba mazaunin fili ba. Ɗan haya ba ya ciki, ɗan ƙodago ba ya ciki, mace kuma ba ta cika fitowa ba sai in bazawara ce ko ita ta karɓi filin da sunanta. Suna yana iya zama a kan gona alhali mai shi ya rasu, magada ba su raba gado ba. Shekarar da ke bango ma ta bugu ce, bayanin yakan girme ta da shekara ɗaya ko biyu. Rashin ganin suna ba hujja ba ce cewa mutum bai zauna wurin ba. Masu zane sun kuma karkatar da sunayen 'yan Yukiren, Jamusawan Rasha da 'yan Norwe yadda kunnensu ya ji, saboda haka a duba filin da kansa, kada a dogara da jerin sunayen da ke baya. Hotuna da taƙaitaccen tarihin da ke ƙarshen kundin na waɗanda suka biya kuɗi ne, a karanta su da wannan sanin.

A ganina babbar ribar tana wajen maƙwabta. A rubuta sunayen duk masu fili cikin mil biyu ko uku na gonar. A zamanin keken doki nan ake samun mata, nan ake samun shaidun da suka sa hannu a takardar neman mallaka, kuma sau da yawa 'yan ƙauye ɗaya ne daga Turai suka zo suka zauna a jere. Sunan gidan su kaka da ya ɓace a takardu yakan fito a rubu'in da ke tsallaken hanya. A lura da coci, makabarta da makarantar da suka fi kusa, ko da suna cikin wata gunduma, domin can rajistar baftisma da ta binnewa za ta kasance.

Lambar sashe kanta tana faɗin inda za a nemi takarda. A Kanada sashe na 11 da na 29 na makarantu ne, na 8 da mafi yawan na 26 na kamfanin Hudson's Bay, masu lambar mara kuma akasari an ba kamfanonin jirgin ƙasa. A Kansas, Nebraska da Dakota, 16 da 36 ne na makarantu. Idan gonar tana ɗaya daga cikin waɗannan, galibi saye aka yi, don haka a nemi rajistar cinikin kamfanin ko ta ofishin filaye, ba fayil ɗin rabon gwamnati ba. Gonakin Metis (zuri'ar auratayya tsakanin Turawa da 'yan asalin ƙasar) na bakin Kogin Red a Manitoba da na Batoche a Saskatchewan kuwa dogaye ne sirara masu fuskantar ruwa, da lambobinsu na daban, sai a neme su a taswirar Ikklesiya ko ta yankin kogin.