Yau mun zaga cikin gidan da ko bulo ɗaya ba a ɗora ba

Asabar, da daddare.

Toh yau dai tun safe ba abin da aka yi a gidan nan sai maganar zanen gida, har yanzu da nake rubutun nan kaina cike yake da mita da santimita. Injiniyan da ke mana zanen ya zo da hantsi da takardarsa a naɗe, muka kwashe komai daga kan tebur ya shimfiɗa ta. Abban yara tun kafin mutumin ya zauna ya fara ƙirga ɗakuna da yatsa, ɗakin kwana huɗu, falo biyu, kicin, sito, yana ta murmushi wai ai an gama. Ni kuwa kallon takardar kawai nake, ta yi kyau ba laifi, layuka tsaf-tsaf, amma wallahi ban iya gane ko ɗakin nan babba ne ko ƙarami. Injiniya yace sikelin 1:100 ne, wato duk santimita 1 a takarda mita 1 ne a ƙasa. Nace toh na ji, amma ni ba lamba zan kwana a ciki ba, a nuna min inda gado zai zauna.

Abin da ya yi ya burge ni. Ya karɓi almakashi da kwali ya yayyanka 'yan gadaje da kujeru da kabad daidai sikelin takardar, yace Hajiya bismillah ki jera kayanki. Na fara da ɗakin yara maza da aka rubuta mita 3 sau 3. Gadon mutum ɗaya santimita 90 ne a faɗi, tsawo 190, na sa guda biyu. Kabad ɗin kaya zurfinsa 60. Ƙofa kuma in ta buɗe tana cin nata wurin, ga shi an zana shi kamar ɓarin da'ira. Ina gama jerawa sai ga shi babu inda teburin karatu zai shiga, ko tsakanin gadajen ma da ƙyar mutum zai tsaya ya gyara shimfiɗa. Sannan ya ƙara min da wani abu, yace wannan 3 ɗin daga tsakiyar bango zuwa tsakiyar bango aka auna, bulo mai inci 9 kusan santimita 23 ne, mai inci 6 kuma 15, ga filasta ta kowane ɓangare, kenan abin da zai rage a ciki bai ma kai mita 3 ba. Abban yara yace ai yara ne, ina ruwansu da fili. Nace yallaɓai yaran nan girma suke, gidan kuma ba girma zai yi ba.

Sai aka shiga neman inda za a samo filin da za a ƙara musu, tunda faɗin gidan gaba ɗaya ba zai ƙaru ba, dole a bar tazara tsakanin gini da katanga ta kowane gefe kuma hukumar da ke ba da izinin gini ba ta wasa da wannan. A nan ne idona ya faɗa kan koridon. Doguwar hanya ce siririya ta ratsa gidan tun daga falo har ƙurya, mita 9 a tsawo, faɗi mita 1.2. Na ɗauki waya na buga, murabba'in mita 10.8, ya fi ɗakin yaran kansa girma. Za a yi masa rufi, a sa masa tayil, a yi fenti, a ja masa wuta, kullum a share a goge, kuma ba mai kwana a ciki ba mai zama a ciki, ga duhu tunda ba taga. Abban yara yace to a matse shi ya koma santimita 80. Injiniya ya girgiza kai yace a'a Alhaji, in ya gaza mita 1 ranar da za ku shigo da katifa ko doguwar kujera ku karya kwana da ita za ku tuna da ni, maganinsa a gajarta shi ba a matse shi ba. Ya ɗauki fensir ya share rabin koridon ya mai da ƙaramin falon ya zama shi ne tsakiya, ƙofofin ɗakuna uku su buɗe ta cikinsa. Nan take ɗakin yara ya koma 3.6 sau 3.6. Wannan kam na yarda da shi ɗari bisa ɗari, duk da na san falon da ƙofofi suka yi wa yawa jera kujeru a cikinsa sai an yi dabara.

Rigimar gaske a kicin aka yi. Abban yara ya ga hotuna a intanet na kicin ɗin nan da ba bango tsakaninsa da falo, shi ke nan ya kafe wai shi ake yayi kuma yana sa gida ya yi faɗi. Ban ce ƙarya ba ne, yana sa wuri ya buɗe, kuma mai girki ba ta zama a ware ita kaɗai. Amma wanda ya ɗauki hoton nan ai bai ɗauki hayaƙi ba, bai ɗauki ƙarar injin markaɗe ba, bai ɗauki tulin kwanuka bayan an ci abinci ba, duk kuma a kan labule da kujeru ƙauri zai sauka. Nace Abban yara ni ce zan tsaya a wurin nan safe da rana da dare, ka bar min wannan. Injiniya dai ya yi shiru yana wasa da fensir, da alama ba yau ya fara ganin irin wannan ba, can sai yace akwai tsaka-tsaki, a yi bango amma a bar ƙofa mai faɗi irin wadda ake turawa gefe tsakanin kicin da wurin cin abinci, in ana so a buɗe in ba a so a rufe. Ya kuma ce in an cire bangon gaba ɗaya tazarar ta yi tsawo dole a sa bim mai kauri, wato gungumen kankare da ake giciyawa a sama, ko ginshiƙi ya ɗauki nauyin sama, ba wai share layi ne kawai a takarda ba. Da maganar ta zo nan sai na ga maigida ya ɗan sassauto.

Cikin kicin ɗin kuma injiniya ya koya min abin da na daɗe ina ji a ƙafata ban san yana da ƙa'ida ba. Wurare uku ne mai girki ke kai-kawo a tsakaninsu, firij, wurin wanke-wanke, da murhu, in ka ja layi tsakaninsu sai su ba da kusurwa uku. Yace tun shekarun 1940 masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka suka tsara abin, kowane gefe kada ya gaza mita 1.2 kada kuma ya wuce 2.7, jimillarsu duka kada ta haura kusan mita 8, sannan kada hanyar wucewar mutane ta ratsa ta tsakiya. A zanen da ya kawo firij yana can bayan ƙofa, kenan duk yaron da ya zo shan ruwa sai ya gifta ta gaban tukunya mai zafi. Muka dawo da shi bakin ƙofar. Kantar girki zurfinta santimita 60 tsayinta 90, nace ni a rage min kaɗan don ba ni da tsawo kuma bayana ne zai biya, yace ba matsala a auna daga gwiwar hannuna. Tsakanin kanta da kanta mita 1.2 don mutum biyu su iya giftawa ko da an buɗe ƙofar kabad. Na roƙi abu biyu kuma duk na samu, taga a saman wurin wanke-wanke da ke kallon inda yara za su riƙa wasa, da ƙofar baya kusa da sito yadda in an sauke kaya daga mota ba sai an ratsa falo da su a gaban baƙi ba.

Maganar banɗakuna ba ta ɗau lokaci ba, injiniya ya riga ya jera su baya da baya, kicin da wurin wanki ma suna ɓangare ɗaya, bututun ruwa ya zama gajere kuma in wani abu ya toshe an san bangon da za a nufa. Ba wanda ya yi musu.

Bayan la'asar muka ɗunguma zuwa filin har da yara, don injiniya yace gani ya kori ji. Ya zo da tef da turaku da igiya, yaronsa na zuba farar ƙasa a kan layi, kafin wani lokaci ga gidan nan kwance a ƙasa. Gabana sai da ya faɗi, komai ya yi min ƙanƙanta, babban falon ma da nake ta alfahari da shi sai na ga kamar taku biyar zan ƙure shi. Injiniya yayi dariya yace kowa haka yake cewa, ɗakin da ba bango ba rufi ido yana gwada shi ne da sararin fili, in gini ya tashi zai dawo daidai, in yarda da tef kada in yarda da ido. Yara kuwa tuni kowa ya shige ɗakinsa, ƙaramar tana ta yi wa yayyenta tsawa wai sun tsallaka bango ba su bi ta ƙofa ba.

Ni ma sai na bi shawararta. Na tsaya a inda gadonmu zai kasance na fara yini guda daga farko, na tashi, na shiga banɗaki, na fita tada yara, na wuce kicin, na kai shanya, na dawo, duk ta ƙofofi ba tsallake. Sannan na koma bakin ƙofar shiga na shigo a matsayin baƙuwa. Abu biyu suka fito da takarda ba ta nuna min ba. Na farko ƙofar banɗakin baƙi tana kallon kujerun falo kai tsaye, duk wanda ya shiga ko ya fito idon kowa a kansa, wannan ai takura ce ga baƙo da masu gida baki ɗaya. Aka juya ta ta kalli ɗan lungun da ke gefen ƙofar shiga. Na biyu in an buɗe babbar ƙofa mai tsaye a waje yana hango har ƙofar ɗakin kwananmu, layi ɗaya ɗoɗar. Gusar da ƙofa ɗaya da mita guda ya kashe wannan.

Sai kuma rana. Muna tsaye a "ɗakinmu" tana dukan fuskata sosai, ashe ɗakin a yamma yake kuma babbar tagarsa ma yamma take kallo. Bangon yamma shi ke shan ranar yamma mai zafi kuma tana shigowa a karkace yadda baranda ko bakin rufi ba sa iya tare ta sosai, bulo ya riƙe zafin ya riƙa sakinsa cikin dare daidai lokacin da mutum ke son barci. Injiniya yace ɓangaren nan ya fi dacewa da wuraren da ba a daɗewa a ciki, sito, banɗaki, wurin wanki, su zama garkuwa. Don haka za a juya wannan sashen, ɗakinmu ya koma gabas. Ya kuma ce kowane ɗakin kwana yana so ya samu taga a bango biyu don iska ta shiga ta nan ta fita ta can, taga ɗaya komai girmanta ba ta yin wannan aikin, kuma girman tagogin gaba ɗaya ya kai kamar kashi ɗaya cikin goma na filin ƙasan ɗakin saboda haske.

Ɗakin Mama shi ne wanda ba na son a yi wasa da shi. Na kira ta daga filin nace Mama ga mu tsaye a ɗakinku, me kuke so a sa muku. Tace ni 'yar nan kada ku wahalar da kanku, inda zan miƙe ƙafa ya isa, sai dai kada ku kai ni can ƙurya inda ba zan ji motsin jikokina ba. Na faɗa mata ƙofarta za ta zama santimita 90, ba tudu ba matakala ko ɗaya daga ɗakin har banɗaki, cikin banɗakin kuma za a bar fili mai faɗin mita 1.5 wanda ko keken marasa lafiya zai iya juyawa, da ƙarfen riƙewa a bango. Tayi dariya tace wato har kun zaunar da ni a keke, amma dai kun kyauta, tun ran gini ran zane. Yanzu ƙafarta lafiya lau, amma faɗaɗa ƙofa a takarda gogewa ce kawai, bayan an gina kuwa sai an fasa bango.

Abin da ba mu gama ba shi ne maganar bene. Abban yara yana so a yi ƙasa yanzu a ɗora sama nan gaba. Injiniya yace ba laifi amma yau za a yanke ba gobe ba, don harsashin da zai ɗauki hawa biyu daban yake da na hawa ɗaya, ginshiƙai ma haka, kuma dole a ware wurin matakala tun yanzu. Ya lissafa mana, tsayin kowane taki santimita 17, faɗin inda ƙafa ke sauka 28, in ka ninka tsayin sau biyu ka haɗa da faɗin ya ba ka 62, yace wani Bafaranshe mai suna Blondel ne ya fito da wannan lissafin tun ƙarni na 17 daga tsawon takun ɗan adam. Hawa mai tsayin mita 3 zai ci taki 18 ko kusa da haka, wurin da zai cinye kuwa ya kusa ƙaramin ɗaki guda. Ni a raina ban ga amfanin ajiye fili haka yana jiran benen da ba a san ranar zuwansa ba, Abban yara kuma yace in ba a ajiye ba an rufe ƙofar har abada. Duk mu biyun muna da gaskiya shi ne abin haushin, a mota ma da muna dawowa ba mu daina ba sai da yara suka ce don Allah a canza hira.

Injiniya zai sake zanen da gyare-gyaren yau, amma yace ba zai taɓa falo da kicin ba sai na turo masa awon kayan da za mu tafi da su. Don haka gobe in Allah ya kai mu ni da tef ne, doguwar kujera, firij, teburin cin abinci, injin wanki, da kabad ɗin nan nawa da Abban yara ke ta addu'ar kada ya samu wurin shiga.