Dogon wuya

Ba a kawo wuta ba sai bayan la'asar, don haka a waya na yi karatun jarrabawar.

Ina ta haddace zamunan zanen Italiya yadda Malam ya jera mana su: Giotto a Padua wajen 1305, shi ne share fage. Sai su Masaccio a Florence a ƙarni na 15, da suka gano lissafin da ke sa zanen bango ya yi zurfi kamar a taka a shiga. Sai ƙololuwa, Leonardo da Michelangelo da Raphael. Daga mutuwar Raphael a 1520 kuwa, in ji Malam, gangara ce.

Ina kan wannan gangarar Auta ta leƙo ta kafaɗata, ta ga zanen Maryama da jariri na Parmigianino, ɗaya daga masu zanen wannan zamanin.

"Yaya, wannan ai bai iya zane ba. Dubi wuya kamar na raƙumin dawa!"

Na ce da gangan ya ja wuyan, da yatsun, har jaririn ma.

"To in da gangan ne ai ya fi muni," ta ce, ta tafi tana dariya.

Ni ma na dara, amma abin ya tsaya min a rai har isha. Malam bai ce komai ba da ya wuce na Auta, ya dai sa masa shekaru. Parmigianino fa ya iya zane sarai. Ya taso ya tarar Michelangelo ya gama zanen rufin cocin Sistine da ke Rum tun 1512, daidaiton jiki an kai shi ƙarshe, to me ya rage masa? Yana Rum a 1527 sojojin Sarki Charles na 5 suka wawashe garin, ya tsere Bologna. Wanda ya ga haka da idonsa, za a ce dole ya zana duniya tsaf a daidaice? Bai ma kammala zanen Maryaman ba ya mutu a 1540, yana da shekara 37, daidai da Raphael. Ɗaya ƙololuwa, ɗaya gangara. Ban yarda ba, amma a takardar jarrabawa abin da Malam ke so zan rubuta, kuma wannan ne ke ci min rai.

Ƙafar Inna da sauƙi. Tela bai gama ɗinkin ba.

Gobe van Eyck da fentin mai na mutanen Flanders, ko shafi ɗaya ban buɗe ba.