Daga Tudun Wada Zuwa Duwatsun Girne

Damina a tsibirin Saifurus tare da sanyi take zuwa, kuma ya kamata ɗan Kaduna ya san haka kafin ya ɗaure kaya. Watannin da muke shan ruwa a gida, daga Mayu zuwa Oktoba, a nan kusan ko ɗigo babu. Zafi kan kai digiri 40 a Lefkosha, babban birnin tsibirin, ciyawa ta bushe ƙayau. Sai wajen Nuwamba hadari ke haɗowa, kafin Maris duwatsu sun yi kore shar.

Karatu ne ya kawo ni arewacin tsibirin, ɓangaren Turkawa tun da tsibirin ya rabu biyu a 1974, wanda Turkiyya kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa. Cefane da lira ake yi, amma masu gidaje da yawa da fam ɗin Ingila suke yanka haya. Mota kuma hannun hagu take bi, gadon Turawan da suka ba su 'yanci a 1960, shekara ɗaya da mu. Duk wannan da sannu ake sabawa. Kaɗaici ne mai wuya. Babu majalisa bayan Isha'i, babu teburin mai shayi, babu maƙwabcin da zai leƙo ya ce ya kwana biyu bai gan ka ba. Na ga yaranmu masu ƙoƙari sun kulle kansu a ɗaki, daga aji sai waya, har ramewa ta bayyana a fuskarsu. Ni ma na soma bin wannan hanyar.

Dattijon da nake haya a gidansa ne ya janyo ni cikin abokansa masu hawan dutse ranar Lahadi. Sarƙar duwatsun da ke bayan garin Girne na bakin teku doguwa ce amma siririya, kana kai ga tsauninta sai ka ga Bahar Rum ta arewa, fili shimfiɗe ta kudu. Fadar Sen Hilariyon tana mita 732 sama da teku, an gina ta cikin jikin dutsen har da wuya ka raba bango da fa. Ta Bufabento ta fi ta tsawo, iskarta kuwa sai ka dafa ƙasa. Idan sama ta washe da hunturu, ana hango duwatsun Turkiyya a tsallaken ruwa. A kan hanya suka koya mini gane bishiyar zaitun, da taka-tsantsan da maciji a gindin duwatsu, da dalilin da ya sa ba a wasa da wuta: gobarar 1995 ta cinye daji mai yawa a nan, kuma har yau suna jimaminta. In lokacin salla ya yi, sukan tsaya su jira ni ba tare da na roƙa ba. Gurasa da cukunsu na helim muke rabawa, ni kuma in fito da kilishi.

Da na ba Hajiya labari a waya, sai ta ce, "Kai ɗan nan, me ka ajiye a kan dutse? Don Allah ka riƙa zama cikin mutane." Tana da gaskiyarta, domin a gida daji ya zama abin tsoro. Abin yana ci mini rai. Muna da Kufena a Zariya, muna da duwatsun Kagoro da ruwan Matsirga, amma na girma ban taɓa taka ko ɗaya ba, sai da na ƙetare teku na san daɗin tafiyar ƙasa da kwanciyar hankali.

Yanzu duk sabon ɗalibin da ya sauka daga Kaduna, kafin ya gama kwance akwati nake tambayarsa ko ya zo da takalmi mai ƙwari. In bai zo da shi ba, ina da na aro. Da rani muna fita ne da an idar da sallar Asuba, kowa da gorar ruwansa, mu sauko kafin rana ta take.