Keken kishingiɗa: inda na kai, da batun gudu da tsere

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Tun shigowar hunturu nake fita da keken kishingiɗa, wato wanda ake tuƙawa a jingine kan kujera ƙafafu a gaba, da muka haɗa da wani mai walda a nan Garwa ta Kamaru, kuma duk wanda ya tare ni tambayarsa ɗaya ce: ya fi keken da muka saba gudu, ko kwalliya ce kawai? Abin da na gani shi ne, a miƙaƙƙiyar kwalta ya fi, amma da an zo hawan tudu sai a wuce shi.

Iska ce tushen maganar. In mai keke ya kai gudun kilomita 30 a awa, mafi yawan ƙarfin da yake zubawa a feda iska ce ke cinye shi. In kuma ya ninka gudunsa sau biyu, turjiyar iskar sau huɗu take ninkuwa. Wanda ke zaune a miƙe kan sirdi ya buɗe ƙirji gaba ɗaya, kamar wanda ya rungumo ƙyauren ƙofa yana kutsawa da shi cikin guguwa. A kishingiɗe kuwa ƙafafu ne a gaba, jiki na ɓoye a bayansu, abin da iska za ta buga kaɗan ne. Na fi jin bambancin a hanyar Pitowa da safe, lokacin da iskar arewa maso gabas ke zuwa ta fuska. Abokan tafiyata suna duƙawa suna haki, ni ina juya feda ina kallon sama.

Da an fara hawa sai su rama. Ba a iya miƙewa tsaye a danna feda da nauyin jiki, ga bututun ƙarfen da muka yi aiki da shi akwai nauyi, kacar ma sai da muka haɗa kusan uku kafin ta kai tayar baya. Wani abin da zan ja kunnenku a kai: tunda baya na jingine da kujera, mutum zai ji yana iya tura giya mai tauri. Gwiwa ce ke biyan wannan. A sauke giya, a riƙa juyawa da sauri-sauri. Hawan dutsen da ke kafin Ngaundere kam ban sa shi a lissafi ba tukuna.

Kada kuma wanda ya hau jiya ya yanke hukunci yau. Naman cinya da na ɗuwawu aiki daban suke yi a wannan zama, sai an yi watanni kafin su saba. A farko ma za ka ga tsohon kekenka ya fi ka sauri.

Tashi daga tsaye shi ne ya fi ba sababbi wuya. Kafin ka tsaya ka sauke giya, ka ɗaga feda ɗaya sama, ka saki kafaɗu, ka kalli nesa sannan ka tura. A kwana mai tsanani dunduniya na iya gogar tayar gaba. Yashi kuwa sai dai a sauka a tura.

To, batun tsere. A ranar 7 ga Yuli 1933, wani Bafaranshe Francis Faure ya hau keken kishingiɗa da Charles Mochet ya ƙera, ya yi kilomita 45.055 cikin awa ɗaya a Paris. Da wannan ya karya tarihin kilomita 44.247 da Oscar Egg ya kafa tun 1914, alhali Faure ba ya cikin manyan zakarun zamaninsa. A 1934 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta sake dokar siffar keke ta yadda irin namu ya fita daga gasanninta, kuma har yau haka abin yake. Saboda haka duk mai mafarkin shiga Tour du Cameroun da shi, ya haƙura. Ni a ganina an yi wa keken rashin adalci, amma na fahimci masu cewa tsere na ƙafa ne, ba na maƙeri ba.

Masu irin wannan keke suna da nasu gasannin. A Battle Mountain ta jihar Nebada a Amurka, Todd Reichert ya kai kilomita 144.17 a awa a 2016. Sai dai kekensa a rufe yake ruf cikin ƙoƙo mai sulɓi, ko hanya ta kyamara yake gani. Babu abin da ya haɗa shi da na mai waldarmu in ban da kwanciya.

In kun fita rukuni, ku sani wanda ke bin bayanku ba zai samu kariyar iska sosai ba, don kun yi ƙasa. Wannan yin ƙasan shi ke damuna a cikin gari. 'Yan moto da direbobin manyan motocin auduga ba sa hango ni da wuri, shi ya sa na ɗaura doguwar sanda da jan ƙyalle a bayan kujera, na sa madubi, tunda waiwaye a kishingiɗe ba sauƙi. Rana ma fuska take duka kai tsaye, gumi kuma ya taru a baya.

Aikin da ke gabana shi ne in ƙara kwantar da kujerar kaɗan, in huda mata ramukan shan iska kafin zafin Maris ya iso. Ina kuma neman taya mai inci 20 siririya, don ta keken yara da na sa a gaba tana jan gudu. Wanda ya gan ta a kasuwar Marwa ko Kusiri, don Allah ya sanar da ni.