Mako na uku da FreeRADIUS: ga inda aka kwana

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Har yanzu ina kan tsohuwar laftof ɗin nan mai Ubuntu da na mayar sabar. Burina shi ne duk wanda zai hau wayafai ɗin shagonmu ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, mu huta da kalma ɗaya da ta zagaye unguwa har mai shayin bakin titi ya haddace ta.

Ɗora FreeRADIUS, manhajar da ke tantance suna da kalmar sirrin mai son shiga, bai ɗauki lokaci ba: apt install freeradius, kafin shayi ya huce an gama. Na rubuta sunan gwaji a fayil ɗin users da ke /etc/freeradius/3.0/, na buga radtest, umarnin gwada shiga, da sirrin nan testing123 da take zuwa da shi, sai ga Access-Accept, wato an karɓa. Har na miƙe na yi miƙa. Ashe ba a fara komai ba.

Ina haɗawa da rautar MikroTik, na'urar da ke raba wayafai, sai shiru, ba karɓa, ba kora. Kwana biyu ina zargin wayar da ta haɗa su, har sabuwa na sayo. A rana ta uku na buga freeradius -X, yanayin da manhajar ke faɗin duk abin da take yi a fili. Da farko ta ƙi tashi, wai ƙofar 1812, inda take sauraron saƙo, da wani a ciki, domin ban tsayar da wadda ke aiki a bayan fage ba. Na tsayar, na sake. Layi ɗaya ya tona asiri: saƙon rauta yana isowa, amma ana watsar da shi saboda ba a san mai aikowa ba. Ban sa adireshinta a clients.conf, fayil ɗin na'urorin da aka yarda da su, ba. Haka RADIUS, tsarin da manhajar ke bi, yake, kamar maigadin da ba ya amsa sallamar baƙon fuska. Na sa adireshin da sirri mai tsawo, na buɗe ƙofofin 1812 da 1813 na UDP a ufw, katangar tsaron Ubuntu, magana ta ƙare. In kun ci karo da 1645 da 1646 a tsofaffin darussa, tsofaffin lambobin ƙofofin ne. Tsarin kansa tun 1991 kamfanin Livingston Enterprises ya ƙirƙiro shi, zamanin shiga intanet ta layin tarho.

Abin da ya fi koya mini hankali kuwa wuta ce. Na koma ajiye sunaye a rumbun bayanai na MariaDB, na sa Simultaneous-Use a kan 1 don kada mutum biyu su raba suna ɗaya. Ranar Talata aka ɗauke wuta. Laftof na da batir, ta ci gaba da aikinta, rauta kuwa ta mutu nan take ba ta aiko saƙon cewa mutane sun fita ba. Da aka kawo wuta, wani ɗalibi ya tsaya a kaina da wayarsa, yana cewa, "Malam, wai ina ciki, alhali ga ni a waje." Na leƙa teburin radacct mai rubuta shiga da fita: gurbin acctstoptime nasa, wato lokacin fitarsa, fayau. A wurin sabar bai taɓa fita ba.

Yanzu rauta tana aiko rahoto duk minti 5, na kuma rubuta ɗan umarni a cron, mai gudanar da aiki lokaci-lokaci, da ke rufe duk zaman da aka yi minti 15 ba a ji ɗuriyarsa ba. An ɗauke wuta sau biyu tun daga nan, ba wanda ya maƙale.

Saura abu ɗaya da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Shafin shiga na rautar yana amfani da hanyar tantancewa ta CHAP, shi kuma dole sai kalmar sirri tana zaune tsirara a teburin radcheck kafin ya iya tantancewa. Duk wanda ya buɗe rumbun ya ga na kowa. Mako mai zuwa zan gwada sa wa shafin HTTPS in koma wata hanyar tantancewa, PAP, don in samu damar ajiye su a rikiɗe.